Alkukin da Muka Toshe

Ya kai mai karatu, kafin in ce komai sai na fara da neman gafara, domin kuwa wurin da zan kai ka yau ba wuri ne da ake kai baƙo da gangan ba, sai dai idan shi ya nema, shi ma da murya ƙasa-ƙasa. Bahaushe yana jin nauyin wannan wuri ƙwarai da gaske, har ya ƙi yi masa suna na kai tsaye. Wani ya ce bayan gida, wani ya ce banɗaki, wani ya ce bayi, tsofaffinmu kuma su ce makewayi. Wanda zai shiga ma ba ya cewa zai shiga, sai ya ce zai zagaya, ko kuma zai kama ruwa. To, abin da baki yake jin nauyin ambatonsa da wuya a zauna a yi shawara mai zurfi a kansa, abin da kuma ba a yi shawara a kansa ba, ranar da aka tashi gyara shi sai a yi aikin ganin ido. Abin da ya same mu ke nan a gidanmu, kuma ba zan ɓoye maka ba, ni ne na ja ragamar ɓarnar.

Gidanmu na gado yana cikin wani lungu a Mandawari, a cikin birnin Kano, irin lungun nan da mota ba ta shiga, sai dai babur da kurar ruwa. Unguwa ce mai tsohon tarihi, domin Tarihin Kano ya ambaci Mandawari a cikin malaman Wangarawa da suka zo daga Mali a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385, kuma da shi ake danganta sunan unguwar. Ke nan an fi shekara 600 ana ɗaukar buta ana alwala a lungunan nan. Mu uku ne maza a gidan, kowa da sashensa da iyalinsa, sai mahaifiyarmu, Hajiya, wadda take ɗakinta na asali tun da aka kawo ta amarya a 1963, shekarar da aka naɗa Sarki Ado Bayero. Ni ne auta, kuma ni ne ɗan bokon gidan, don na yi difloma a fannin koyarwa, ina kuma koyar da kimiyya a makarantar sakandare shekara da shekaru. Saboda haka idan magana ta shafi zamani, ni ake juyowa a kalla.

Makewayin da muka tashi muka gani yana can ƙuryar gida, bayan ɗakin Hajiya. Ginin ƙasa ne, ba shi da rufi, an raba shi biyu da guntuwar katanga, ɓangare ɗaya masai, ɗayan kuma wurin wanka. Daɓen siminti ne da mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, ya sa aka yi, mai kaushi, ya ɗan karkata zuwa rariya. Akwai wani faffaɗan dutse da ake tsayawa a kai, da igiya da aka ɗaure daga wannan bango zuwa wancan don rataya zane. A jikin bangon dama kuma, daidai ƙugun mutum, akwai alkuki, wato ɗan gurbin nan da maginan da suke bari a jikin bango don ajiye fitila. A zamanin aci-balbal nan ake ɗora ta. Da fitilar ta kau, sai wurin ya zama ma'ajiyar Hajiya: sabulun salo a cikin ɗan gwangwani, da soso, da dutsen goge kaushi. Leɓen alkukin ya yi sumul, ya yi baƙi yana ƙyalli, ni kuwa a lokacin ban taɓa tambayar kaina abin da ya goge shi haka ba.

Maganar gyara ta taso ne a 2023, da aka sa ranar auren 'yar Yayanmu bayan Babbar Sallah. Dangin ango mutanen sababbin unguwanni ne, masu gidajen bulo da ruwa a cikin ɗaki. Ni dai da na tuna cewa matan nan za su yini a gidanmu, kuma dole wata ta nemi ta zagaya, sai na ji kunya ta rufe ni tun kafin ranar ta zo. Na tara 'yan'uwana a zaure bayan sallar isha'i, na yi ta zuba bayani kamar ina gaban allo, na ce makewayin nan abin kunya ne ga gidan da yake da malamin makaranta. Aka yi karo-karo. Na tafi Kasuwar Ƙofar Ruwa da kaina, na zaɓo tayil fari tas mai ƙyalli, irin wanda mutum yake ganin fuskarsa a ciki, na sayo kwano da fentin mai. Na kawo wani matashin birkila, na ce masa so nake idan an gama, wanda ya shiga ya ɗauka otal ya shiga.

Ya kuwa yi abin da na ce. Aka shafe bangon ƙasa da siminti, aka jera tayil a ƙasa da jikin bango har zuwa kafaɗa, sama kuma aka sha shi da fenti. Aka fitar da dutsen, aka cire igiyar, aka rufa kwano, aka sa ƙofar ƙarfe mai buɗewa ta ciki. Da aiki ya zo kan alkuki, birkilan ya ce zai ɓata masa layin tayil, ni kuma ban yi wata-wata ba na ce a toshe shi. Hajiya tana zaune a bakin ƙofarta tana jan carbi, duk kwanakin aikin ba ta ce uffan ba, sai ranar nan. Ta ce, "Auta, to ni ina zan riƙa ajiye sabuluna?" Na ce, "Hajiya, ai za a kawo miki abin da ya fi wannan." Ta yi shiru kaɗan, sannan ta ce, "To, Allah Ya yi albarka." Washegari na biya Kasuwar Ƙofar Wambai na sayo ɗan kwandon roba mai ruwan hoda, aka kafa shi da ƙusa biyu a saitin fuskata, ba tare da na tuna cewa na fi Hajiya tsawo nesa ba kusa ba.

Biki ya zo ya wuce lafiya. Maiɗakina ta kawo mini labarin cewa wata daga cikin dangin ango ta yaba, ta ce ba ta zaci za ta ga irin wannan a cikin gari ba. Na ji daɗi har cikin raina, na yi kwana biyu ina taƙama. To amma fa ba a yi wata biyu ba sai abubuwa suka fara bayyana. Da farko dai, wurin ba shi da ma'ajiya ko ɗaya in ban da kwandon nan, mu kuwa mun fi mutum 20 a gidan. Sai ƙasa ta zama ma'ajiya: bokiti uku, da butoci, da baho, da robar garin sabulu, da burushin yara, da guntayen sabulu suna narkewa a kan tayil. Ba igiya, don haka zane sai a kan ƙofa. Na biyu, rufin da muka yi ya hana rana shiga, alhali a da ita ce take busar da wurin kafin azahar. Sai danshi ya zauna, gansakuka ta fara fitowa a tsakanin tayil, warin masai ya rasa hanyar fita, kyankyasai suka sami masauki. Kafin damina ta ƙare fentin sama ya fara kumbura yana ɓarewa. Ina ganin duk wannan, amma girman kai ya hana ni in ce na yi kuskure, sai dai in riƙa yi wa yara faɗa a kan ƙazanta.

Ranar da ba zan manta ba ta zo a watan Disamba, cikin tsananin sanyin hunturu. Hajiya ta saba tashi kafin assalatu ta yi alwala da ruwan ɗumi. Ranar ba wuta. Ina kwance sai na ji ƙarar bokiti, sannan na ji salati da wata irin murya da ban taɓa jin ta daga bakinta ba. Na fito a guje, na tura ƙofar, ta ƙi buɗuwa, domin jikinta ne ya tokare ta daga ciki. Ba zan iya kwatanta maka tsawon mintocin nan ba, ya kai mai karatu, ina tsaye a waje, mahaifiyata tana kwance a kan tayil mai sanyi, tsakanina da ita ƙofar da ni na zaɓo. Da ƙyar ta ja jiki gefe, maiɗakina ta kutsa ta rufa mata zane, sannan muka ɗauko ta. A asibiti hoto ya nuna karaya a wuyan hannun dama. Likita ya ce mu gode wa Allah da ba ƙugu ba ne, domin karayar ƙugu ga mai irin shekarunta sau da yawa ita ce take kwantar da mutum kwanciyar da ba ya tashi.

A kan hanyarmu ta dawowa na tambaye ta yadda abin ya faru. Ba ta ɗora wa kowa laifi ba. Ta ce, "Ba komai Auta, ƙaddara ce. Na zo miƙewa ne ƙafata ta zame, na kai hannu, na tarar ba ya nan." Ban gane ba da farko, na ce, "Me ne ne ba ya nan, Hajiya?" Ta ce, "Alkukin mana." Nan take na gane abin da ya goge leɓen alkukin nan ya yi sumul. Hannunta ne. Shekara 60 tana dafa shi idan za ta tsuguna, tana kama shi idan za ta miƙe, har hannun ya haddace wurin ba sai da ido ba. Ranar da ta tambaye ni inda za ta ajiye sabulu, ba sabulun ne damuwarta ba, kunya ce ta hana ta gaya wa ɗan da ta haifa cewa gwiwoyinta ba sa iya tashinta sai ta kama wani abu.

Karayar ba ita ce ta fi ci mini rai ba, abin da ya biyo baya ne. Hajiya mace ce mai tsananin kunya da son yi wa kanta komai. Sai ga shi yanzu sai surukarta ta riƙe ta ta kai ta, ta tsaya ta jira ta a bakin ƙofa. Da dare kuma sai fo a ɗaki, kamar ƙaramar yarinya. Bayan kwana kaɗan maiɗakina ta ja ni gefe ta ce, "Malam, ka lura kuwa Hajiya ta daina shan ruwa daga la'asar? Ko kunun ma sai ta ce ta ƙoshi." Ashe ta gwammace ta kwana da ƙishirwa da ta tashi wani cikin dare. Ta rame, ta rage magana, jikokin da suke cika ɗakinta da hira suka fara ja da baya. Ko da aka cire ɗorin, tsoron wurin bai fita daga ranta ba. Garin neman gira mun rasa ido, kuma idon da ba namu ba.

Abin takaici shi ne, duk shekara sai na koya wa ɗalibaina darasin gogayya. Ina gaya musu cewa abin da yake hana mutum zamewa shi ne cizon da yake tsakanin tafin ƙafarsa da ƙasa, kuma sumul ɗin wuri yana rage wannan cizo, ruwa yana ƙara rage shi, sabulu kuwa kusan kawar da shi yake yi gaba ɗaya. Har jarrabawa nake yi musu a kai. Amma da na tsaya a gaban mai sayar da tayil, ƙyalli ne ya ɗebe mini hankali, na sayo na bango na shimfiɗa a ƙasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2021 cewa faɗuwa ita ce ta biyu a cikin haɗurran da suke kashe mutane a duniya, bayan haɗarin hanya, tana cin rayuka kimanin 684,000 a shekara, kuma waɗanda suka haura shekara 60 su ne abin ya fi shafa. A da idan na ga irin waɗannan alƙaluma sai in ɗauka maganar Turai ce. Yanzu kuwa na san cewa a kowane lungu na birnin nan akwai tsohuwa ko tsoho da yake shiga makewayi da fargaba, bakinsa kuma ba zai iya faɗa ba.

Da na sake tara 'yan'uwana a zaure, zaman bai yi daɗi ba. Lokacin muna cikin Fabrairun 2024, buhun siminti ya haura naira 10,000, ga azumi yana ƙaratowa, kowa yana ta kansa. Yaya ya dube ni ya ce, "Kai ka ce a fasa tsoho a yi sabo, yanzu kuma kai ne kake cewa a fasa sabon. Kuɗin nan tsintar su ake yi?" Ban ga laifinsa ba. Na ce, "Yaya, gaskiyarka ce. Ni na ɓata, ni zan gyara, addu'arku kawai nake nema." Na karɓi kuɗin adashin da muke yi a makaranta, wanda na yi niyyar gyara babur ɗina da shi. Daga baya dai Yaya da kansa ya aiko da buhun siminti ɗaya ba tare da ya ce komai ba, ɗaya yayan nawa kuma ya biya kuɗin walda.

A wannan karon ban nemi matashin birkila ba. Na je wajen wani dattijon magini da ya yi aiki da mahaifinmu, wanda yanzu sai dai ya zauna ya nuna, yaransa su yi. Ya shiga ya daɗe yana ƙwanƙwasa tayil da ɗan yatsa, wasu suna amsawa kamar ganga, alamar sun rabu da bango. Ya fito ya ce, "Malam, ginin ƙasa numfashi yake yi. Yana shan danshi, yana fitar da shi. Ku kuwa kun toshe masa hanci da baki." Ya yi mini bayanin cewa idan aka lulluɓe bangon ƙasa da siminti da fentin mai, ruwan da ya sami tsaga ya shiga, ko wanda ya taso daga ƙasa, ba ya samun mafita, sai ya zauna yana jiƙa tubali daga ciki har wata rana bangon ya zube ba zato. Ya ba ni labarin laso, simintin iyayenmu, wanda ake haɗawa da katsin marina, irin wanda ake kwasowa daga rijiyoyin rini kamar na Ƙofar Mata, da gashin awaki daga majema, da kuma dafara, da makuba da ake yi da ɓawon ɗorawa. Na ce, "Baba, to yanzu me za mu yi?" Ya ce, "Kafin mu yi komai, a kira mini mai wurin."

Wannan shi ne darasi na farko, kuma shi ne wanda ban yi ba a karon farko. Aka riƙo Hajiya ta shigo, mu maza muka ba da wuri, maiɗakina ta riƙe alli. Duk inda Hajiya ta kai hannu idan za ta zauna, ko za ta miƙe, ko za ta ɗauki moɗa, sai a yi alama a bango. Da aka gama muka shiga muka duba, sai ga babbar alamar daidai kan alkukin da muka toshe, ko kamu ɗaya ba ta kauce ba.

Bari in jera maka abin da muka yi, ko Allah Ya sa wani ya amfana. Mun ɗaye tayil ɗin ƙasa gaba ɗaya, muka sa mai kaushi wanda ba ya ƙyalli, kuma kafin in saya sai da na zuba masa ruwa a nan shagon na murza da tafin hannu. Aka gyara karkatar daɓen yadda ruwa zai gangara rariya da kansa, kada ya kwanta. A jikin bango mun bar tayil zuwa ƙugu kawai, inda ruwa yake fantsama, daga nan zuwa sama aka kankare siminti da fenti, aka mayar da yaɓen ƙasa, aka shafe da farar ƙasa. Farar ƙasa ba ta da tsada, tana barin bango ya sha iska, tana haskaka wuri, kuma duk shekara kafin Sallah yaro ɗaya zai iya sabunta ta a yini guda. Aka cire falle ɗaya na kwano a ɓangaren wanka aka sa na roba mai shigo da haske, aka kuma buɗe taga a can sama aka sa mata raga. Ƙofa kuwa aka juya ta tana buɗewa ta waje, da sakatar da za a iya zarewa daga waje idan larura ta taso.

Sai maganar ma'ajiya, wadda ita ce asalin rikicin. Mun buɗe alkukin Hajiya, aka gyara masa leɓe da siminti mai ƙwari, aka ce nata ne ita kaɗai. Tun da bangon yana da kauri, dattijon ya sa aka fafe wasu alkukai uku a ɗaya bangon, kowane sashe na gidan da nasa, don haka yanzu ba mai ajiye sabulu a ƙasa, ba kuma mai cewa an taɓa masa soso. Alkuki ya fi kanta a ƙaramin wuri, domin ba ya cin fili, ba a buga kai da shi, ba ya tsatsa, gara ba ta cin sa. Mai walda ya lanƙwasa mana bututun ƙarfe, aka kafa shi ya ratsa cikin bango sosai, ɗaya a kwance a gefen wurin wanka, ɗaya a tsaye kusa da masai, na kuma rataya a jikinsu da dukkan nauyina kafin in yarda. Ya yi mana kujerar ƙarfe mai huda a tsakiya wadda ake ɗorawa a kan masai don wanda ba ya iya tsuguno, da wata 'yar kujerar wanka mai roba a ƙafafu. Igiya ta dawo wurinta, aka ƙara da maratayai shida a bayan ƙofa. Bokitai da butoci kuma aka yi musu ɗan dakali a waje, ana kife su bayan an gama.

Akwai abubuwan da muka fitar daga wurin gaba ɗaya. Magani ba ya zama a banɗaki, domin zafi da danshi suna lalata shi. Reza da almakashi sun koma ɗaki. Ruwan wanke masai da bilic an yi musu ƙaramar kanta a can sama inda hannun yaro ba ya kai, na kuma tara matan gidan da 'yanmata na gargaɗe su da babbar murya cewa kada a kuskura a haɗa bilic da ruwan wanke masai mai asid, domin haɗuwarsu tana fitar da iskar kulorin, mai shaƙe numfashi, musamman a rufaffen wuri. Duron ruwa yana waje a bakin ƙofa da murfinsa, saboda sauro yana hayayyafa a buɗaɗɗen ruwa, kuma yaro mai rarrafe ko ɗan tatata bokiti ɗaya ya isa ya halaka shi. Da na faɗi haka Hajiya ta yi murmushi, ta ce ai wannan tsohon karatu ne, a zamaninsu duba-gari har randa suke leƙawa.

Shi kuwa wari, maganinsa ya zo ne daga wata dabara da na taɓa karantawa ban ɗauke ta da muhimmanci ba. A shekarun 1970 wani masani mai suna Peter Morgan, a cibiyar bincike ta Blair da take ƙasar da yanzu ake kira Zimbabuwe, ya fito da tsarin masai mai bututun iska. Ana kafa bututu mai faɗi daga cikin ramin ya miƙe ya zarce rufi da kamar rabin mita, a rufe bakinsa da raga. Iskar da take wucewa ta saman bututun tana zuƙo warin ramin ta yi sama da shi, ƙudajen da suke ciki kuma suna bin hasken da suke hangowa a bakin bututun, sai raga ta tare su. Sharaɗin dai shi ne ɓangaren masai ya fi bakin bututun duhu, shi ya sa muka bar wannan ɓangaren da kwanonsa. Bututun roba ɗaya da guntuwar raga, ba su kai kuɗin kwalin tayil biyu ba, amma sun yi abin da turare da ruwan ƙamshi suka kasa. Daga ƙarshe na sayo fitila mai caji da hasken rana, na kafa ta a saman ƙofa yadda take haska hanya tun daga ɗakin Hajiya.

An gama aikin saura kwana uku a ɗauki azumi. Wurin bai yi kama da otal ba, kuma na tabbata baƙuwar nan da ta yaba a da ba za ta ga abin yabawa ba yanzu. Hajiya ba ta ce komai ba, kwana biyu ta ci gaba da kiran maiɗakina ta raka ta. A daren farko na sahur, ina zaune a tsakar gida da kofin shayi, sai na ji motsin ƙofarta. Ta fito da butarta a hannun hagu, tana tafiya a hankali. Maiɗakina ta yunƙura za ta tashi, na yi mata alama ta zauna. Muka yi tsit muna sauraro, ni dai shayin nan bai ƙara wuce maƙogwarona ba. Can sai ga ta ta fito, fuskarta da danshin alwala. Ta zo wucewa ta gabana ta tsaya, ta ce, "Auta, a ƙaro mini ruwa a kofin nan, in sha kafin a kira salla." Ta shanye, ta ce a ƙara.

Ban rubuta wannan don in hana kowa sa tayil ko gyara gidansa ba, domin gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, kuma tsafta cikon addini ce. Abin da nake roƙo shi ne, duk wanda ya tashi gyaran makewayi, kafin ya je kasuwa ya fara duba wane ne mafi rauni a cikin masu shiga wurin, tsoho ne, ko mai juna biyu, ko mara lafiya, ko ƙaramin yaro. Kada ya jira su faɗa masa, don ba za su faɗa ba. Ya sa wadda ba sa jin nauyinta ta tambaye su, ya kuma duba jikin bango da kyau, duk inda ya ga ya goge ya yi sumul, to ya sani hannun wani ne yake dogara da wurin. Har yau hannun Hajiya na dama ba ya iya ɗaukar cikakkiyar buta, kuma duk sanda na ga tana juya ta zuwa hagu sai na tuna da ranar da na ce a toshe. Ta ce ta yafe mini tun a asibiti. Allah Ya ƙara mata lafiya da nisan kwana, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, mu kuma Ya ba mu ikon kula da iyayenmu a inda bakinsu ba zai iya roƙonmu ba, amin.